Awon Wuyan Taubashi

Wuyar ɗinki tana wuya. Haka Malam Ladan, maigidana na Gwandu, yake cewa, kuma ba wasa da magana yake yi ba, don mutumin bai iya wasa ba. Hannun riga in ya yi tsawo a naɗe, wando in ya yi yawa a ja zariya, amma wuya in ya ɓaci ya ɓaci. Ku da kuke zuwa yanzu kuna cewa in koya muku ɗinki cikin wata uku don kun ga ana yi a waya, wannan nake so ku fara ji. Sunana Sahabi, ana ce mini Sahabi Tela, shagona yana Kalgo, shekara talatin da ɗoriya ina taka keke. Ban tara komai ba sai ciwon baya da tabarau. A aji biyu na sakandare na tsaya, saboda haka abin da ya shafi asibiti yadda aka gaya mini zan faɗa, wanda ya fi ni sani ya gyara. Labarin wuyan mutum ɗaya ne, wanda tef ɗina ya ga ciwo a cikinsa tun mai wuyan bai yarda ba.

Wuyan farko da na fitar na wani manomi ne daga Ceberu, jamfa ce ta yadi mai araha. Kafin ranar na shekara biyu a shagon Malam Ladan ban taɓa almakashi ba, sai hura gawayin dutsen guga da ɗinka anini. Na zagaya tef a wuyan mutumin, na karanta, zan cire, sai na ji katakon awo a bayan hannuna. Malam ya ce in mayar. Ya sa na cusa yatsu biyu tsakanin tef da fata, daidai ƙasan maƙogwaro, sannan ya ce wa manomin ya haɗiyi yawu. Na ji maƙogwaron ya hau ya sauka a bayan yatsuna. Malam ya ce mutum ba gunki ba ne, zai ci tuwo da rigar nan, zai yi magana, zai yi salati, in ban bar wa maƙogwaro hanya ba na ɗinka masa igiyar rataya. Tun daga ranar ban auna wuyan kowa ba sai na ce ya haɗiyi yawu. Wasu su yi dariya, wasu su ce tsafi ne. Ku kuwa na gan ku, daga nesa kuke miƙa tef kamar mai tsoron kunama.

Kayan aikina ba su da yawa. Baƙin keke mai takawa wanda bai san an ɗauke wuta ba, almakashi ɗaya da ko matata ba ta yanka farce da shi, alli, dutsen guga, da tef. Tef ɗin nan maƙaryaci ne in ya tsufa, miƙewa yake yi a hankali har ya ci rabin inci ba ka sani ba. Shi ya sa duk wata nake shimfiɗa shi a kan katakon awo in gani, in ya fara ƙarya in jefar. Masu kawo ɗinki su ma maƙaryata ne. Mai tumbi zai shanye cikinsa in ka zo da tef, gajere zai yi ɗage, kowa so yake a auna mutumin da yake fata ya zama. In riga ta fito ba ta zauna ba, tela ne ɓarawo. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce mini jikinsa ne ya yi laifi.

Alhaji Mainasara dillalin shinkafa ne, gonakinsa suna wajen Wurogauri, gidansa a Kalgo. Taubashina ne, ɗan kawuna, ya girme ni da shekara huɗu. Kun san yadda taubasai suke. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa irin ta mutane ba. Shi yana ce mini bawansa tunda ni ɗan mace ne, ni ina ce masa Buhu, don ƙiba gare shi ta gaske. In ya shigo shago sai in ce a matsar da benci kada ya karye, shi kuma ya ce ya zo duba ko bawansa ya ci abinci. Wuyansa inci sha bakwai da rabi ne, na shekara fiye da goma ina yanka masa haka, kuma duk awo sai na ce wuyan bijimi ne, a kai shi kara a sayar. Ku riƙe wannan, don bakin nan nawa shi ya kusa cutar da shi.

Yana da ciwon suga, yana shan ƙwayoyin da asibiti suka rubuta masa. Sai wani abokin cinikinsa ya kawo masa wata allura daga kudu, mai kama da biro, ana yi a ciki sau ɗaya a mako, a ajiye ta a firji. Aka ce masa tana saukar da suga, tana kuma rage ƙiba, manyan mutane duk ita suke yi. Bai tambayi likita ba. Ya ce mutumin da ya kawo ta ya fi likita ƙiba da, yanzu ga shi kamar sanda.

Shekarar nan ita ce mafi muni da na gani a sana'a. Ruwa ya cinye shinkafar fadama, manoma ba su ga abin kaiwa gida ba balle na yadi. Sai in wuni ban ji ƙarar almakashi ba. Teloli biyu a layinmu suka sayar da kekunansu suka koma kabu-kabu. Abin da ya riƙe ni a shekarar ramar Alhaji ce. Duk bayan 'yan makonni sai ya turo kaftani huɗu ko biyar a rage. Rage riga aikin da kuke rainawa ne, amma ya fi sabon ɗinki wahala, sai ka farke gefe, ka bi tsohon layi, ka rage hammata ba tare da ka kashe aljihu ba, kuma shadda ba ta manta ramin allura. Cikinsa ya sauka inci shida a hannuna. Wuyan rigunan ban taɓa ba, don ba a rage wuya sai an sake shi gaba ɗaya, kuma shi mutum ne da ba ya ɓalla aninin sama. Yana ta murna, ya ce in nemo wani sunan, buhu ya zama jaka. Na lura yana gumi lokacin sanyi, muna cikin rigunan sanyi shi yana fifita da hula. Na ce kitsen ne yake narkewa. Muka yi dariya.

Farar shadda ce ta tona abin. An yi masa jika, ya tsaya da mota a ƙofar shago, ya miƙo yadin ta taga ya ce kaftani yake so kafin ranar suna, wannan karon mai kwala a tsaye, a rufe ta da anini har sama, don mutane su ga ya yi wuya irin na samari. Na ce ya sauko in auna. Ya ce sauri yake, ai na san jikinsa fiye da matarsa. Nan na yi abin da Malam Ladan zai fasa mini hannu a kai. Na yi lissafi da ka, na ce wanda cikinsa ya sauka inci shida wuyansa ma ya sauka, na yanka sha shida da rabi. Ban taɓa yin haka ba kafin ranar, ban kuma sake ba.

Ranar suna da safe na kai masa da kaina. Ƙofar gida cike da mutane a kan tabarmi. Ya shiga ya sa, ya fito, kafaɗa ta zauna, hannu ya zauna, anini na sama kuwa ko kusa bai kai raminsa ba, akwai faɗin yatsu biyu tsakani. Ya tsaya a gaban jama'a ya buɗe hannuwa.

"Jama'a ku shaida, bawana ya ci rabin shaddar ya ɗinka mini wuyan zakara."

Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don ko da ban rage komai ba na bar sha bakwai da rabi, da ido na ga ba zai rufe ba. Tef yana aljihuna kullum. Na ja shi zaure na ce ya ɗaga haɓa. Sha takwas da kwata. Na cire na sake zagayawa, haka dai. Na cusa yatsu biyu na ce ya haɗiyi yawu, sai na ji wani abu a gefen dama, ƙasan maƙogwaro, kamar ƙwallon goruba ƙarami, ya hau tare da maƙogwaron ya sauka. Na auna wuyan dubban mutane ban taɓa jin wannan ba, kuma wuyan nan na san shi, da babu. Jijiyar wuyansa kuma tana bugawa a yatsana da sauri kamar wanda ya yi gudu, alhali daga ɗaki ya fito.

Na ce masa wuyansa ya kumbura, akwai ƙulli, ya je asibiti. Ya fita waje ya sanar da mutane cewa tela ya ɓata ɗinki, yanzu ya ce wuya ne ya yi laifi. Wani ya ce tef ɗina ne ya tsufa kamar ni. Aka sake dariya, aka kawo waina da miya, maganar ta bi ruwa.

Na koma shago na shimfiɗa tef a kan katako, daidai yake. Bayan kwana uku ya zo karɓar kaftanin da na sake wa kwala, na sake gaya masa. Ya ce shekara goma ina cewa wuyan bijimi gare shi, yau kuma na ƙara masa goruba, gobe mi zan ƙara? Na gaya masa a masallacin Juma'a bayan an sallame, ya ce ko a ɗakin Allah ba zan bar shi ya huta ba. Ba taurin kai ne kawai ba. Maganar taubashi ba ta da nauyi, haka aka gina ta. Ko na rantse zai ce rantsuwar ma wasa ce, don na sha rantse masa a kan ƙarya muna dariya. Kusan wata guda muna haka. Ina ganinsa yana wucewa a mota, fuska ta zabge, wuya ya cika, mutane suna yi masa barka da samun lafiya.

Abin da na yi daga ƙarshe ba a littafi na gani ba. Wata Asabar da hantsi na sa babbar riga, wadda ba na sawa sai ɗaurin aure, na tafi gidansa. Ban kutsa kai ba yadda na saba. Na tsaya a ƙofa na yi sallama sau uku, na aika a ce Sahabi yana neman iso. Ya fito zaure da kofin shayi yana shirin zagi. Na cire takalmi, na durƙusa har ƙasa, na ce, "Yaya, ina kwana. An tashi lafiya? Ƙaƙa iyali?"

Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ce masa Yaya ba. Ya tsaya yana kallona. Kofin yana rawa a hannunsa har shayi yana zuba a kan tabarma, kuma ba tsoro ne ya kawo rawar ba, dama hannun haka yake yi.

"Wa ya mutu?" ya ce.

"Ba kowa. Na ajiye wasa a ƙofar gida, in na fita zan ɗauka. Akwai abu a wuyanka, Yaya. Ni tela ne, ban san ko mene ne ba, amma bara babu shi. Don darajar kawu ka tai a duba."

Ya ajiye kofin. Sai muryar Hajiya Balki, matarsa, ta fito daga bayan ƙofar cikin gida, ashe tana ji. Ta ce tunda an fara gaskiya bari ta ƙarasa, mutumin nan ba ya barci, ƙirjinsa yana dukan tara-tara, abu kaɗan ya hau faɗa, kuma ta yi magana ya ce allura ce take aiki. Ya ce mata ta koma ciki. Ya zauna, ya kai hannu wuyansa ya haɗiyi yawu da kansa. Na ga fuskarsa lokacin da ya ji abin. Ya ce in tashi daga durƙuson nan, yana sa shi jin kamar gawa.

Ranar Litinin ya tafi asibiti a Birnin Kebbi, da kwalin allurar a aljihu. Da ya dawo shagona ya fara tsayawa, ya zauna a benci, ya ba ni labari ba tare da ya kira ni bawa ba ko sau ɗaya. Likitar mace ce, 'yar Zuru. Ta tsaya a bayansa ta ɗora yatsu a wuyansa, ta ba shi ruwa ta ce ya haɗiya. Ta ce akwai wata tsoka a gaban wuya, suna ce mata tayirod, ita ce take kumbura ta zama maƙoƙo, kuma ita ce take saita yadda jiki yake ƙona abinci. Da ya nuna mata kwalin, ta zaro takardar da ke ciki, wadda bai taɓa buɗewa ba, ta nuna masa wurin da aka yi gargaɗi a kan tsokar nan. Ta ce irin wannan allura magani ce ta gaske, tana taimakon masu suga da yawa, amma ba a ba wanda shi ko danginsa suka taɓa yin wani irin ciwon daji na wannan tsoka, kuma mai ƙulli a wuya sai an duba shi tukuna. Ta tambaye shi ko akwai mai ciwon wuya a gidansu. Ya ce mahaifiyarsa ta yi maƙoƙo. Ta ce wane iri? Ya ce a ƙauye wa ya san iri, maƙoƙo dai. Ta ce ya dakatar da allurar, ya ci gaba da ƙwayoyinsa na suga. Aka ɗebi jini, aka yi hoton wuya, aka sa siririyar allura aka tsotso kaɗan daga ƙullin aka aika Sakkwato. Ta ce mako biyu.

Ya tambaye ni ko na tuna yadda tsohuwarsa ta rasu. Na ce da tsufanta ta rasu, kuma gaskiya ne. Ya ce amma ta rame kafin nan. Na ce kowa yana ramewa kafin nan.

Mako biyun nan kullum da hantsi sai ya zo ya zauna a bencin. Ga shagunan abokansa masu fanka, ga rumfar 'yan shinkafa, amma nan yake zuwa. Mu gaisa kamar baƙi, ya tambayi aiki in ce da godiya, in tambayi jiki ya ce da sauƙi. Ina da wandunan makaranta guda shida da wata malama ta kawo, na ja su har kwana goma don kada keke ya yi shiru. Maƙwabcina mai faci ya leƙo ya tambaya ko faɗa muka yi. Rana ɗaya Alhaji ya ce in akwai sauran farar shaddar nan in ajiye, kada in yi wa kowa aljihu da ita. Na gane inda ya dosa, likkafani yake nufi, na ce saura ƙyalle ne, ko hular jariri ba zai yi ba. Na koma kan wandunan makarantar.

Ranar da ya koma karɓar sakamako ban bi shi ba, bai kuma ce in zo ba. Ina cikin kafa kwalar wani ɗan sanda, wajen la'asar, na ji mota ta tsaya. Ban ɗaga kai ba. Sai na ji murya tun daga bakin titi.

"Ina bawan nan mai ɓata shaddar mutane? Fito ka buɗe wa ubangidanka mota."

Na ɗauke ƙafa daga keke. Tunda wasa ya dawo, na san labarin alheri ne. Na ce motar ai ba ta buƙatar a buɗe, wanda ke ciki ta taga ma zai fita.

Ya shigo ya faɗi sauran. Ba daji ba ne. Ƙulli ne da ya sa tsokar take aiki fiye da kima, ita ta kawo gumin, da rawar hannu, da bugun ƙirji, kuma rabin ramar da muke yi wa murna ba ta allura ba ce, ciwo ne yake cin sa. Likitar ta ce ba za ta ce allurar ce ta haifar da ƙullin ba, mai yiwuwa ya daɗe yana girma, amma ta rufe shi, don duk alamar da ta fito sai a ce aikin magani ne. Ta ce irin wannan in an bar shi zuciya yake gajiyarwa, kuma yana hana suga zama. Ta ba shi ƙwayoyi, zai riƙa komawa ana auna jini, wataƙila nan gaba a yi aiki a cire, wataƙila ba sai an yi ba. Maganar allura ta ce sai wuyan ya lafa su zauna su duba, kuma in za a koma mata daga hannunta za ta fito, ba daga hannun abokin cinikinsa ba.

Yana gamawa ya miƙe zai tafi gida, don Hajiya ba ta ji ba tukuna, a wurina ya fara tsayawa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce ya manta, likitar ta tambaye shi wa ya fara ganin ƙullin, ya ce mata telansa. Ta tambaya ta yaya, ya kwatanta mata yatsu biyu da haɗiyar yawu. Ya ce ta ajiye biro ta yi dariya, ta ce su sai da suka shekara shida a makaranta aka koya musu wannan.

"Ta ce a gaishe ka. Na ce mata ba a gaida bawa, lalacewa yake yi."

Na ce ina amsawa duk da haka, kuma ya tafi gida matarsa tana jira, tun kafin in tuna ban gama zaginsa ba.